Ana ruwan sama a kan dusar ƙanƙara, kuma 'yan ajinmu sun ce mu hau dutse ranar Asabar

Nafisa, Insburuk:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu zama a ƙasashen nan masu sanyi. Wannan ne hunturuna na farko a Ostiriya. Makon jiya dusar ƙanƙara ta kwana uku tana zuba, duwatsun da ke bayan gari suka yi fari fat. Tun shekaranjiya kuma abin ya juya. Iska mai ɗumi ta taso, yau ma'aunin zafi ya nuna maki 9 a cikin gari, tun asuba ake ta ruwa. Mu shida 'yan ajinmu mun shirya ranar Asabar mu taka da ƙafa zuwa wata bukkar cin abinci a kan dutse, tafiyar awa biyu, mu gangaro a kan keken zamiya na katako. Ni har na ji daɗin ɗumin, na ce Allah ya kawo mana sauƙi. Da na faɗa wa matar da nake haya a gidanta sai fuskarta ta canza, ta ce in je in duba rahoton zaftarewar dusar ƙanƙara. Na duba, na ga lamba 4 da jan launi. Ban gane ba. Ai ina ce ɗumi narkar da ita yake yi, haɗarin ya ragu?

Sadiku, Kano:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, amma a tunanina ruwa ai danne abu yake yi. Hanyar birji in aka yi mata yayyafi sai ƙura ta kwanta, ta yi ƙarfi. Ba haka abin yake a can ba?

Baffa Sule, Tirol:
Wa alaikumus salam. Nafisa 'yata, kafin bayani ga amsa: kada ki je. Ba Asabar ɗin nan ba.

Shekarata 19 a jihar nan ta Tirol, inda Insburuk take, 11 daga ciki ina tuƙa motar share hanya a wani kwari. Yanayin da kika kwatanta shi ne wanda muka fi tsoro a wurin aiki, ya fi mana ranar da ake tsananin sanyi tayar da hankali.

Dusar da kike gani a kan dutse ba dunƙule ɗaya ba ce. Hawa-hawa take, kowace zuba da tata shimfiɗar. Wata ta daskare ta yi ɓawo, wata ta yi laushi kamar gari, wata a can ƙasa ta koma tsaba-tsaba kamar sukari, ko kin damƙa ba ta haɗuwa. Duk wannan lodin a kan gangare yake zaune, abin da ke riƙe da shi kawai ɗan manne da ke tsakanin ƙwayoyin ne. Ruwan sama in ya sauka a kai, ɓarna uku yake yi lokaci guda. Yana ƙara nauyi: milimita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, to ki lissafa milimita 30 a kan gangaren da ya fi filin ƙwallo biyar. Yana narkar da mannen nan. Sannan yana tsiyaya ƙasa har ya tarar da ɓawo mai tauri ko ciyawar da ke kwance a ƙarƙashi, ya taru a nan ya zama santsi. Nauyi ya ƙaru, riƙo ya ragu, ƙasa ta yi sulɓi. Me ya rage?

Kuma dusar da ta zuba makon jiya sabuwa ce, busasshiya, ba ta taɓa shan ruwa ba. Irinta ta fi saurin sakin jiki. Wani lokaci ko awa ɗaya ba a yi da fara ruwa sai ki ji duwatsu sun fara ruri.

Sadiku, Kano:
To Baffa, ashe na yi kuskuren misali. Ya fi kama da katangar ƙasa a watan Agusta ke nan. Ta sha ruwa ta yi nauyi, gindinta ya jiƙe, sai cikin dare ka ji rim. A unguwarmu ma ba lallai sai ana tsaka da ruwa take faɗuwa ba, wani lokacin sai an ɗauke.

Baffa Sule, Tirol:
Yawwa Sadiku, wannan misalin ya fi kusa. Ka ƙara da cewa katangar a kan tudu aka gina ta, kai kuma hanyarka ta gindinta take bi.

Nafisa, Insburuk:
Na gode Baffa. Amma fa mu ba can ƙololuwa za mu je ba. Hanyar mota ce ta cikin daji, kuma a ƙasan nan ma dusar ta kusa ƙarewa, har ciyawa ake gani.

Baffa Sule, Tirol:
Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Inda kike tsaye ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke saman kanki za ki duba. Insburuk tana kan tsayin mita 570 da ɗoriya, duwatsun Nordkette da ke bayanki sun haura mita 2,000. Duk mita 100 da kika hau, zafi yana raguwa da ɗan abin da ya fi rabin maki. Saboda haka ruwan da yake dukan tagarki, a can sama dusa ce take zuba, mai nauyi, iska tana kwasarta tana jibgewa a bayan tsaunuka. A tsakiya jiƙaƙƙiya, a sama sabuwa mai lodi. In ta sama ta ɓalle sai ta faɗo kan jiƙaƙƙiyar ta kwaso ta, su biyo kwazazzabo tare. Na sha zuwa share hanyar da ciyawa ce kore dama da hagu, amma tulin da ya toshe ta ya fi motata tsayi, cike da itatuwa da duwatsu da laka. Hanyar daji kuwa dole ta ratsa irin waɗannan kwazazzaban, tunda kewaya dutse take yi.

Mubarak, Minik:
Baffa, da girmamawa, ina ganin an ɗan tsorata ta fiye da kima. Ni shekara shida ina wasan zamiya a duwatsun nan. A Tirol garuruwan da ke da wannan matsala suna da kwamitin da ke duba haɗarin, in hanya ba ta da aminci rufe ta suke yi. In a buɗe take, an duba ke nan. Na biyu, alƙaluma sun nuna an fi mutuwa a ranakun da rahoton ya nuna mataki na 3, ba na 4 ba. Na uku, kusan tara cikin goma na waɗanda abin ke ritsawa da su, su ne ko abokan tafiyarsu suke tayar da shi da nauyinsu a kan gangare mai tsayin digiri 30 zuwa 45. Wanda yake tafiya a kan hanya shimfiɗaɗɗiya ba ya cikin wannan lissafin. Sannan ruwan sama a ƙarshe gyara yake yi, yana haɗe shimfiɗun su zama ɗaya.

Baffa Sule, Tirol:
Mubarak, duk abin da ka kawo akwai gaskiya a ciki, amma bari mu bi su.

Kwamitocin suna nan, na san wasu daga cikin mutanen, suna aiki tsakani da Allah. Sai dai abin da ke wuyansu shi ne gidaje da titunan jama'a da wuraren wasan da aka tanada. Ba kowace hanyar daji ce wani yake kwana yana dubawa ba. Nafisa ba ta faɗa mana wace iri ce tasu ba, kuma ina zaton ita ma ba ta tambaya ba tukuna.

Maganar mataki na 3 gaskiya ce, kusan rabin mace-macen a nan suke faruwa. Dalili shi ne ranakun 3 suna da yawa a cikin hunturu kuma mutane suna fita a cikinsu. Ranakun 4 kaɗan ne, kuma masu hankali suna zama a gida. Ba don 4 ta fi sauƙi ba. Matakan nan biyar da ƙasashen Turai suka amince da su tun 1993 ba kamar matakalar bene suke ba, daga ɗaya zuwa na gaba haɗarin ninkuwa yake yi.

Tara cikin goman da ka faɗa kuwa, yawanci maganar busasshiyar dusa ce da masu zamiya. Jiƙaƙƙiya ba ta jiran kowa ya taka ta. Da kanta take tasowa, kuma abin da mataki na 4 yake nufi ke nan: a sa ran manya za su sauko ba tare da an taɓa su ba.

Gyaran da ruwa yake yi, sai bayan ya tsiyaye kuma sanyi ya dawo ya daskarar da ita. Yau Alhamis, ana kan ruwa. Ba mu kai can ba.

Mubarak, Minik:
Na karɓi maganar jiƙaƙƙiya mai tasowa da kanta, a nan ka fi ni gaskiya. Amma ina nan a kan cewa ta kira masu bukkar ko ofishin garin ta ji. Kada mu koya wa ƙannenmu tsoron dutse gaba ɗaya. Yawancinmu muna zuwa ƙasashen nan mu shekara goma ba mu taɓa hawa ba, alhali yana daga cikin abin da ya fi kyau a nan.

Alhaji Ɗanzongo, Siyatil:
Salamu alaikum. Ni mutumin Kumasi ne, direban babbar mota a jihar Washinton ta Amurka. Abin da kuke tattaunawa mu nan shi ne abincinmu na kowace shekara, domin mashigun duwatsun Cascade ba su da tsayi sosai kuma suna kusa da teku. Yau dusa, gobe ruwa mai ɗumi daga tekun Pasifik. Mashigar Snoqualmie da nake bi a kan babbar hanya ta 90 ba ta kai mita 1,000 ba. Duk ranar da aka ce dusa za ta juye ruwa, mun san za a tsayar da mu, ma'aikata su hau su tayar da ita da nakiya tun kafin ta sauko da kanta. Sai mu yi awa biyu, uku a layi, wani lokaci a rufe hanyar kwana guda. Da ina jin haushi, har na ji labarin Wellington.

Wani ɗan ƙaramin gari ne mai tashar jirgin ƙasa kusa da mashigar Stevens. A ƙarshen Fabrairun 1910 dusa ta tare jirage biyu a wurin, na fasinja da na wasiƙu, suka yi kwanaki ba gaba ba baya. Duk kwanakin da dusa take zuba, gangaren da ke samansu bai motsa ba. Ranar 28 ga wata sai ta juye ruwan sama da iska mai ɗumi, har da tsawa. Bayan ƙarfe ɗaya na dare, wayewar 1 ga Maris, gefen dutsen ya sauko ya kwashe jiragen biyu ya jefa su cikin kwari. Mutum 96 suka rasu. Har yau ba a yi wadda ta fi ta kisa a tarihin Amurka ba. Gobarar daji ta riga ta cinye itatuwan gangaren, babu abin da zai tare ta. Daga baya har sunan garin aka canza zuwa Tye.

'Yata, waɗannan mutanen ba wasa suke yi a kan dutse ba. Barci suke yi a cikin jirgi a kan hanya shimfiɗaɗɗiya.

Ummi, Kaduna:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nafisa don Allah ki haƙura. Karatu aka tura ki.

Abba, Legas:
Ni fa ina ganin in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Malam Haruna, Madina:
Abba, ajali gaskiya ne, amma ba a kafa hujja da shi don a bar sababi. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Masana sun rubuta mata 4 da jan launi. Karanta wannan da aiki da shi, shi ne ɗaure raƙumar.

Hajiya Rabi, Giranobul:
Ni daga Damagaram nake, ina aikin jinya a nan Giranobul ta Faransa, gari ne da duwatsu suka kewaye. Bari in faɗi ɓangaren da nake gani.

Mutane suna zaton dusa abu ne mai laushi, in ta rufe ka sai ka tona ka fito. Sabuwar da ta zuba tana iya yin kilo 100 a cikin akwati mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya. Jiƙaƙƙiyar da ta zaftaro ta tsaya tana ninka haka sau huɗu ko biyar, kuma da ta tsaya take kamewa kamar kankare. Ko yatsa mutum ba ya iya motsawa. Ba ta da gudu kamar busasshiya, wadda takan wuce kilomita 100 a awa, amma niƙa take yi, kuma ba ta barin iska a ciki.

Alƙaluman da aka daɗe ana koyar da mu da su daga Suwizalan sun ce wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. In an wuce rabin awa, bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Jirgi mai saukar ungulu da wuya ya iso cikin minti 15, a ranar ruwa da hazo ma ba lallai ya iya tashi ba. Ke nan abokan tafiyarki ne za su tono ki. Shi ya sa masu shiga irin wuraren kowa yake rataye da na'ura mai aika sigina, da doguwar sandar caka mai haɗe-haɗe, da shebur. Nafisa, a cikin ku shida akwai mai ko ɗaya daga cikin ukun nan?

Ki adana lambobin nan ko ba don Asabar ba: 140 masu ceto a kan dutse a Ostiriya, 112 ko'ina a Turai.

Nafisa, Insburuk:
Hajiya babu ko ɗaya. Wallahi ban ma san da su ba. Takalman sanyi da safar hannu kawai muka tanada, sai shayi a fulas.

Yusuf, Erzurum:
Ƙari kaɗan daga Turkiyya. A Fabrairun 2020 a lardin Van, dusa ta binne wata ƙaramar bas, washegari masu ceto suna tsaka da tono ta biyu ta sauko musu. Sama da mutum 40 aka rasa, yawancinsu masu ceton. Ba ruwan sama ne ya jawo waccan ba, na kawo ta ne don kada wani ya ga wuri ya riga ya zaftare ya ce shi ke nan ya huce.

Nafisa, Insburuk:
Baffa, to in sanyi ya dawo mako mai zuwa fa? An ce daga Litinin zai sauka ƙasa da sifiri.

Baffa Sule, Tirol:
A nan maganar Mubarak take shigowa. In ruwa ya tsaya, sama ta washe da dare, sanyi ya kama, jiƙaƙƙiyar dusar nan takan daskare ta yi tauri, haɗari ya sauka da sauri a ƙasa da tsakiyar dutse. Washewar saman tana da muhimmanci. Kin san yadda a gida daren da babu gajimare ya fi sanyi lokacin hunturu, to haka nan ma. In gajimare ya rufe, zafi ba ya fita, sai a wayi gari ɓawon bai fi kaurin faranti ba, ƙarƙashinsa kuma kunu. Gwajin mai sauƙi ne: in kin taka ta ɗauke ki, da dama. In kin nutse har gwiwa, ko kin damƙa ruwa ya ɗigo, ki juya.

Amma ɓawon nan ba ya ɓacewa, yana nan a binne har ƙarshen hunturu, kuma duk abin da ya zuba a kansa daga baya a kan santsi ya zauna. Galtur, wani ƙauye a kwarin Paznaun a nan Tirol, haka ta faru da su a 1999. An yi ɗumi a Janairu, saman dusar ya narke ya sake daskarewa. Sai Fabrairu ta zo da zuba a kan zuba, kusan mita huɗu, da iska mai ƙarfi. Ranar 23 ga wata da la'asar ta sauko ta shiga har tsakiyar ƙauyen, wurin da taswira ta ce babu haɗari. Mutum 31 suka rasu. Washegari a Valzur da ke kusa, mutum 7. Lokacin ban zo ba, amma na yi aiki da wanda ya yi tono a wurin, har ya yi ritaya ba ya son a tayar da zancen. In kin je yau za ki ga katangar da suka gina ta tare ƙauyen, ta fi mita 300 tsawo.

Don haka ba a cewa an gama da rahoto. Ana fitar da na gobe kullum da ƙarfe 5 na yamma. Kada ki tsaya a kan lambar kaɗai, ki karanta daga wane tsayi abin ya fara, wace fuskar dutse, kuma wace irin matsala ce. Akwai shi da Turanci. In kuma kin ga allo a bakin hanya an rubuta Lawinengefahr, ma'anarsa haɗarin zaftarewa, nan tafiya ta ƙare ko da kin ga sawun mutane sun wuce.

Nafisa, Insburuk:
Jama'a ga yadda aka yi. Na bi shawarar Yaya Mubarak na kira masu bukkar yau Juma'a. Matar ta ce su kansu sun sauko tun Laraba, an rufe hanyar, ba za su buɗe ba sai an duba. Biyu daga cikinmu sun so a nemi wata hanyar, na tura musu abin da Hajiya Rabi ta rubuta na fassara musu, suka haƙura. Mun kuma ga ƙungiyar masu hawan dutse ta Ostiriya, wadda hedikwatarta ke nan garin, tana koyar da yadda ake karanta rahoton da amfani da na'urar nan. Mu huɗu za mu yi rajista.

Mubarak, Minik:
Madalla ƙanwata. In kun gama, yanayi ya daidaita, ki yi magana in zo mu hau tare.

Nafisa, Insburuk:
In sha Allah. Baffa, tambaya ta ƙarshe. Yanzu da hazo ya ɗan yaye ina hango dutsen daga taga. Akwai dogayen layuka masu ruwan ƙasa sun gangaro ta kwazazzabai, na gane waɗannan. Amma a wani gangare mai ciyawa akwai tsaga a kwance, ta buɗe kamar baki, ana ganin baƙar ƙasa a ciki, dusar kuma ba ta faɗo ba. Mene ne wannan?

Baffa Sule, Tirol:
Mutanen nan bakin kifi suke ce mata. Dusar gaba ɗayanta, daga sama har ƙasa, tana jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, a hankali. Tana iya yin awa ɗaya a haka, tana iya yin mako uku, tana iya tsayawa ba ta faɗo ba sam. Ba ta bin ƙa'idar safe ko yamma, ko sanyi ya dawo ranar Litinin tana iya saki da tsakar dare, domin ƙasanta ne jiƙe ba samanta ba. Nakiya ma ba ta cika yi mata komai ba. Mu a wurin aiki in mun ga irinta a saman titi, ba ma tsayar da mota a ƙarƙashinta ko don sauke gishiri. Ki riƙe wurin a ido, ki duba wace hanya ce take bi ta gindinsa, ki nuna wa 'yan ajinku.